Neman kalmar Hausa: "quick-change bushing" da "lock ring" na injin sake ɗura harsashi

Mai Fassara: Assalamu alaikum malamai. Ranar Alhamis da safe zan miƙa fassarar wani gajeren fim kan masu wasan harbin saiti a Amurka, waɗanda ke tsince kwanson harsashi bayan sun harba, su sake ɗura shi da wani ɗan inji mai hannu. Ana jan hannun, kwanso ya hau ya shiga ramin wani ƙarfe da aka ɗaura a saman injin. Wannan ƙarfen na bar shi "dayis". Kowane mataki da nasa, don haka ana yawan cirewa ana sawa. Kalmomi biyu suka tsaya mini: abin da ake ɗaura dayis a cikinsa don a sauya shi da sauri, da zoben da ke hana saitinsa gocewa. Sai an karanta su da baki a kan hoto, don haka doguwar jimla ba za ta shiga ba.

Bakanike: Wa alaikumus salam. Bushin da noti. Malama, rubuta ki wuce.

Ɗan Harbi: Na farkon zan iya yarda, na biyun kuwa a'a. Ina wannan wasan, kuma injin yana gabana yanzu. Tiredin dayis, wato haƙoran jikinsa da ake murɗa shi da su, kusan duka iri ɗaya ne, kaurin inci 7/8, zagaye 14 a kowane inci. Wato murɗa ɗaya cikakkiya tana saukar da shi kusan milimita 1.8, alhali mu da kashi ɗaya cikin dubu na inci muke awo. Ka ɓata rabin sa'a kana sassautawa kana matsewa har ka sami daidai, to wannan zoben shi ne ke riƙe maka wahalar da ka sha. Noti aikinsa ɗaure abu biyu su zama ɗaya. Wannan aikinsa ya tuna maka inda ka tsaya.

Malamin Hausa: Zoben kulle.

'Yar Rediyo: Kulle zai kai tunanin mai sauraro ga ƙwado da makulli, Malam. Ni da "zoben saiti" zan ce. Gaɓa huɗu ne, yana fita a baki ba tuntuɓe.

Dattijo: Ku dakata. Dayis, bushin, noti, tiredi, saiti. Ina Hausar take a nan? Turanci ne kuka sa wa hula kuka ce ya zama ɗan gida. Zobe na yatsa ne. Ƙarfen da ya kewaye wani ƙarfe ƙawanya ce, haka muka tashi muka ji. Na farkon kuma na daɗe da samar masa suna tun da na karanta tambayar: murɗa-ka-cire. Ginin kalmar namu ne tsantsa, irin na faɗi-ka-mutu. Wanda bai taɓa ganin injin ba ma ya ji sunan ya san abin da ake yi da shi.

Mai Fassara: Baba, ƙawanya ta kwanta mini. Murɗa-ka-cire kuma ina gwada shi a jimla: "sai ya sa dayis a cikin murɗa-ka-cirensa." Ya ɗan yi nauyi.

Dattijo: Nauyin rashin sabo ne, 'yata. Faɗe shi sau goma ki ji.

Ɗan Harbi: Baba ya kama yadda abin ke aiki, gaskiya. Kun san ƙwan lantarki mai fil biyu, wanda ake turawa a ɗan karkata ya kama? To haka. Na kamfanin Hornady, wanda suke kira Lock-N-Load, yana da kunnuwa shida a jikinsa da zoben roba a ƙarƙashin bakinsa, ka zura ka ɗan murɗa ya zauna daram. Na kamfanin Lee, Breech Lock, tiredi ne da aka yayyanke aka bar gurabe, kashi ɗaya cikin shida na zagaye kawai ake juyawa. Sunan ma daga yadda ake rufe gindin igwa aka ɗauko shi. Kuma na wannan ba ya shiga injin wancan. Damuwata da sunan Baba ita ce rabin aikin kawai ya faɗa. Ba cirewa ce abin burgewa ba, kowane dayis ana iya kwance shi. Abin da ya sa mutane ke sayen abin shi ne in ka mayar, ya koma daidai inda yake jiya.

Dattijo: To faɗi-ka-mutu ya faɗi cewa ana cin abinci a ciki? Suna alama ce, ba littafin koyarwa ba.

Malamin Hausa: Me zai hana kube? Dayis yana zaune a ciki kamar wuƙa a kubenta. Kuben dayis.

Bakanike: Malam, wuƙa ake zarewa a bar kube. Nan kuwa, in na fahimci Ɗan Harbi, tare suke fita tare suke komawa, ba sa rabuwa. Kube bai yi ba. Ni abin da ke ba ni haushi shi ne duk sanda aka zo irin wannan magana sai a tsallake mu masu riƙe sifana. Shekara nawa muna cewa bushin, yara suna koyo da shi, masu sayar da kaya suna ganewa. Sai wanda bai taɓa kwance noti ba ya zo ya ce bakinmu ba Hausa ba ne.

Dattijo: Ban raina sana'arka ba, ɗana. Amma gareji ba makaranta ba ce. In kowa ya aro ya ajiye, nan da shekara hamsin me jikokinmu za su gada?

'Yar Rediyo: Baba, da girmanka, harsashin da muke ta ambata tun ɗazu daga Larabci ya zo. Bindiga haka, albarushi haka. Ban ji ka nemi a kore su ba. Ashe aron da ya tsufa ya zama gado, sabo ne kawai abin kunya?

Dattijo: Waɗancan sun shigo da ilimi da alƙalami, sun zauna ƙarni bayan ƙarni har harshe ya narkar da su. Wannan kuwa lalaci ne ke shigo da shi.

Bakanike: Lalaci? Ka zo ka wuni a ƙarƙashin mota ka ga lalaci.

Malamin Hausa: Alhaji, a yi haƙuri. Baba, kai ma ka san maganar ta yi tsauri. Amma Bakanike, bari in tambaye ka tsakani da Allah. Bushin da ka sani a mota, ba wanda ke shiga tsakanin ƙarfe biyu masu motsi ba ne, ya sha gugar, in ya cinye a sauya shi? Wannan ba ya guga da komai. Mai sauraron da ya san naku zai ɗauka abin da ke cinyewa ne.

Bakanike: Akwai wancan. Akwai kuma na masu aikin famfo, wanda ake ɗaurawa a babban rami don ƙaramin bututu ya shiga. Shi ma bushin suke ce masa.

Ɗan Harbi: Wannan na biyun shi ne daidai. Injin Rock Chucker na RCBS ramin samansa inci 1 da kwata ne, zagaye 12 a inci, an sa masa irin wannan bushin ya rage shi zuwa 7/8. Mutane sukan kwance shi su ɗaura na Hornady a gurbinsa. Kuma tun da an koma kan aiki, ga abin da ya sa nake ƙin "noti". Zoben iri-iri ne. Akwai mai ɗan sukuru a gefe da ke danna tiredin dayis kai tsaye. Irinsa na taɓa matsewa fiye da kima, da na kwance na tarar ya lotsa haƙoran tiredin wuri guda, har yau in zoben ya zo nan sai ya cije. Akwai wanda aka tsaga shi gefe ɗaya, a ja bakin biyu da alanki ya rungume dayis ko'ina, ba ya rauni. Akwai na Lee mai roba a ciki. A injin Co-Ax na Forster ma ba a ɗaura dayis sam, zura shi ake yi a wani gurbi, zoben ne kaɗai ke riƙe da shi. Wane noti ne ke wannan aikin?

Bakanike: To na janye noti. Bushin dai yana nan.

Mai Fassara: Dare ya yi, gobe Laraba zan shiga ɗaukar murya. Ga abin da na rubuta: "ƙawanyar saiti" ga na biyu, rabi na Baba rabi na Anti. Na farko kuma "bushin sauyi." A wurin da ya fara fitowa, inda mutumin ke nuna shi a hannu, akwai daƙiƙa biyar da ba a magana, zan sa mai karatu ya ce "wato irin murɗa-ka-cire."

'Yar Rediyo: Ni har yanzu zobe ya fi mini sauƙi a baki, matasa da yawa ba sa cewa ƙawanya. Amma sa.

Dattijo: Sau ɗaya tak, kuma a bayan "wato." Ban gamsu ba. Ƙawanyar dai kada ki bari mai karatu ya ce "kawanya," a ji ƙ ɗin sosai. Dayis ɗin nan kuma ba mu taɓa shi ba tukuna.

Mai Fassara: Shi an riga an ɗauki muryarsa a kashi na farko, Baba.