Neman kalma: me za mu kira ƙananan halittun da ke cikin baki?

Ɗalibar likitan haƙori, jami'ar KNUST ta Kumasi: Salamu alaikum iyayena da yayyena. An gayyace mu shirin rediyo na Hausa a nan Kumasi ranar 20 ga Maris, ranar lafiyar baki ta duniya, zan yi bayanin yadda masana ke gano sabbin bakteriya a bakin mutum su raɗa musu suna. Cibiyar Forsyth ta Amurka ta tara iri sama da 700 a kundinta, kuma da yawansu har yau ba a iya renonsu a ɗakin gwaji ba. Ta karanta wani yankin gadon halittarsu mai suna 16S kawai aka san da su. To in na ce "ƙwayoyin cuta 700", ai Hajiyoyin Aboabo kwana za su yi suna kurkurar baki da gishiri, alhali mafi yawansu ba sa cutar da kowa. Wace kalma zan yi amfani da ita?

Tsohon malamin makaranta, Asawase: Wa alaikumus salam 'yata. Ki ce ƙwayoyin halitta mana.

Ɗaliba: Baba, wannan kalma an riga an ɗora mata kaya da yawa. Ita ake faɗa wa sinadarin gado, ita ake faɗa wa tubalan jikin mutum. A jimla ɗaya sai in faɗe ta sau biyu da ma'ana biyu.

Nas, Bantama: Ƙanwata, bar ta a bakteriya, kar ki wahalar da kanki. Mun karɓi kalmomin aro irin su allura da asibiti, bakinmu bai karye ba. Kuma ina da dalili. Saboda mun haɗa bakteriya da bairos a buhu ɗaya muna ce musu ƙwayar cuta, mutum na mura sai ya je kemis ya sayi amoksisilin, maganin da ba ya taɓa bairos ko kaɗan. In kowanne na da sunansa, bayani zai yi mana sauƙi a asibiti. Wadda ta yi ɓarna sai a ce mata ƙwayar cuta, kamar Streptococcus mutans da aka ba suna tun 1924. Ita ce ke cin sukari ta fitar da tsami, tsamin ya cinye haƙori. Abin da kakanninmu ke cewa tsutsa ke nan.

Wani matashi, Alabar: Anti ta gama magana. Amma taronsu gaba ɗaya fa? Ni na ce 'yan zangon baki.

Tsohon malami: Kai yaro, ka ba ni dariya, amma a'a. Zango masaukin matafiya ne. Waɗannan kuwa tun mutum na jariri suke shiga bakinsa, da su zai tsufa. 'Yan gida ne. Ni dai "mazauna baki" ta fi kwanta mini.

Nas: Baba, a yi hattara. Mu nan Gana da yawa ba ma rarrabe k da ƙ a furuci, a waya kuma ba mai sa ƙugiya. Wani zai karanta ya ɗauka baƙi ake nufi, mu koma zangon da ka kore mu. A ƙara "cikin": mazauna cikin baki.

Ɗaliba: Wannan ta zauna, har ta yi daidai da misalin da na tanada. A 2008 masu bincike a King's College ta Landan suka gano wata sabuwa a cikin naman baki, suka sa mata Prevotella histicola, wato mai zama a cikin nama. Sunan farko na gidansu ne, na biyu nata. Ba a amincewa da sunan sai an ajiye samfurinta mai rai a ma'ajiya biyu a ƙasashe daban-daban. Wannan rabe-raben nasu ne na so in ce wa "jinsi".

Tsohon malami: Jinsi zai kai hankalin mutane ga namiji da mace. Na farko dangi, na biyu iri. Manomi ma ya san iri.

Ɗaliba: To ga yadda zan buɗe: "Mazauna cikin baki bakteriya ne iri sama da 700, dangi-dangi, kaɗan daga cikinsu ne ƙwayoyin cuta." Na gode Baba, na gode Anti.

Matashi: Saura ki shirya amsa, don wallahi sai an bugo waya an tambaye ki ko asuwaki ya fi buroshi.