Inbata tana ƙona MOSFET duk sanda firji ya tashi

Assalamu alaikum, injiniyoyi. Ina gyaran inbata a Gombe, wata mai 24V, irin mai taransifoma, ta gagare ni. Da fitilu da fanka lafiya lau take ba da 220V. Kwampireson firji na tashi sai ka ji ƙara, hayaƙi ya biyo, MOSFET ɗin gefe ɗaya (transistocin da ke kunna wuta da kashe ta) sun fashe.

Na sa sababbin MOSFET masu lamba IRF3205, na canza resistocin gate (ƙafar da ake kunna MOSFET da ita) da IC ɗin SG3525 mai sarrafa su, na ƙara fanka saboda zafin garin nan. Duk a banza. Batura kuma suna kaiwa 28V idan sola na caji, IRF3205 kuwa iyakarsa 55V, ga shi a tsarin push-pull na inbatar, inda gefe biyu ke aiki bi da bi, wutar ninkuwa take a kansa.

Idan na koma MOSFET mai 100V, ƙonewar za ta tsaya?