Tanda ce ke kashe inoks ɗin da aka buga da leza?

Mai Walda, Garwa: Abin nan na ci mini tuwo a ƙwarya. Kowa ya bugo kayan 316L, wato wani nau'in inoks (ƙarfen da ba ya saurin tsatsa), da injin 3D mai narka garin ƙarfe da leza, sai ya jefa a tanda a digiri 650, wai yana sauke masa gajiya. Kashe shi kuke yi! Tsakanin 450 da 850 kabon ke janye kuromiyam zuwa iyakar ƙwayoyin ƙarfen, gefensu ya talauce, ruwan gishiri ya samu ƙofa. Sai tsatsa.

Injiniya, Ngaundere: Maigida, "tsatsa" ba ita ce kalmar ba. Inoks ba ya ja kamar rodi. Rami yake yi kamar bakin allura, ciki kuwa ya rarake. Kuma L ɗin nan na nufin kabon bai wuce kashi 0.03 cikin ɗari ba, awa biyu a 650 ba za ta yi wannan ɓarnar ba.

Baba Maƙeri, Marwa: Yaro, duk ƙarfen da ruwa ya ci, tsatsa muke ce masa tun kafin a buɗe jami'arku a 1993.

Injiniya: Allah ya ja kwana, Baba, amma kowane ciwo da maganinsa.

Malama, Njamena: Ku bar faɗan suna. Ana gashin 650 ne tun kayan na manne da farantin da aka buga shi a kai, don kada ya lanƙwashe in an yanke. In kuma ana son narkar da abin da ya taru a iyakoki, a kai 1050 zuwa 1100 cikin iskar argon, a tsoma a ruwa nan take. Sanyaya a hankali shi ke mayar da aiki baya. Bayan nan a wanke baƙin ɓawon da asid, fatar kariya ta sake fita. Sai dai da asara: leza na daskarar da ƙarfen da sauri har manganis da salfa ba sa samun sararin dunƙulewa. Zafi mai yawa na ba su dama, kuma daga gindinsu rami ke farawa.

Mai Walda: Kun ji ko? Tanda ce!

Malama: Ban ce haka ba, Malam. Kafar da ke saura a inda leza ba ta narkar da garin ƙarfen ba ta fi kowace tanda ɓarna.

Ɗan Kusiri: AlSi10Mg fa, gaurayen nan na sanholo da silikon? Awa biyu a 300 na tsinka ragar silikon ɗinsa.

Baba Maƙeri: Wa ya kawo sanholo cikin zancen ƙarfe?

Injiniya: A jiƙa samfuri uku a ruwan gishiri mai kashi 3.5: ɗanye wanda bai shiga tanda ba, na 650, na 1100.

Baba Maƙeri: Ka ce "rami" yanzu ma mu ji.

Shugaban zaure, Garwa: To jama'a, an tabbatar tanda na cutar da ƙarfe kamar yadda ɗan'uwanmu ya faɗa, kuma Baba ya yi gaskiya, tsatsa sunanta tsatsa. An rufe.

Malama: Wa ya tabbatar?