Zuciyata tana tsallake bugu, na'urar gida kuma tana rikita ni

Assalamu alaikum. Don Allah masu ilimin lafiya ku duba mini wannan lamari.

Wata uku ke nan nake jin zuciyata kamar ta ɗan tsaya, sai kuma ta buga da ƙarfi, musamman idan na kwanta da dare. An yi mini gwajin ECG, wato gwajin da ke zana yadda zuciya take bugawa, likita ya ce bugu ne da ke zuwa kafin lokacinsa daga ƙasan zuciya, kuma yawanci ba shi da haɗari. Ya ɗora ni a kan wani maganin zuciya mai suna bisoprolol.

Tun daga nan jinina ya sauka. A da 118/76 nake samu, yanzu 92/58, wani lokaci 88/55. In na miƙe da sauri jiri yake ɗibata.

Abin da ya fi damuna shi ne na'urar auna jini da nake da ita a gida. Sai ta nuna bugun zuciya 46 a minti, alamar rashin daidaiton bugu tana walƙiya, amma in na ɗora yatsu a wuyana na ƙirga minti ɗaya cur, sai in samu kusan 64. An ce bugun da ya zo da wuri ba shi da ƙarfi, domin zuciya ba ta gama cika da jini ba, shi ya sa na'urar take tsallake shi. To in haka ne, lambar jinin ma abin yarda ce?

Ban daina maganin ba, na san ba a yanke shi kwatsam. Sai bayan mako uku zan koma asibiti. In jira, ko in nemi a sa mini na'urar Holter, wadda ake maƙala wa mutum ta naɗi bugun zuciyarsa na awa 24, tun yanzu? Ban taɓa suma ba, ƙirjina kuma ba ya ciwo.