Tambaya: ruwan damina duk daga teku yake zuwa?

Mai_Koyon_Jogirafi:
Salamu alaikum. A aji an koya mana cewa iskar damina, wadda ake kira monsun, daga teku take ɗebo danshi ta kawo kan tudu. To ga abin da ya ɗaure mini kai: in an kwana ana ruwa, da hantsi sai ka ga ƙasa tana tururi, kafin wani lokaci ta bushe ƙayau. Ruwan nan da ya tashi, yana dawowa ne ko ya tafi ke nan?

Tsohon_Malami:
Wa alaikumus salam, ɗana. Yana dawowa, amma ba lallai a kanka ba. Tururi kan yi kwana 8 zuwa 10 a sama kafin ya zubo, kuma iska ba ta tsaya jiransa, sai ta yi gaba da shi ɗaruruwan kilomita.

Littafinku bai yi ƙarya ba, rabin zancen ya faɗa. Teku ce ke buɗe damina: Mashigin Gini a Afirka ta Yamma, Tekun Larabawa da Mashigin Bengal a Indiya. A farko ƙasa busasshiya ce, ba ta da abin bayarwa. Sai ta sha ta ƙoshi, ciyawa ta tofo, amfanin gona ya rufe kunya, sannan take fara mayar da ruwa sama. Kuma wanda kake gani yana tururi ba shi ne babba ba. Babban yana bi ta saiwa ne, ya hau kara, ya fita ta ƙananan ƙofofin da ke jikin ganye, ko da saman ƙasa ya bushe. Lissafin masana ya nuna kusan kashi 40 cikin 100 na ruwan da ke sauka a kan tudu a duniya daga tudun ya taso. Iya nisanka da teku, iya ƙaruwar wannan kaso, haka nan in damina ta yi nisa.

Uwar_Tagwaye:
Malam, ashe ke nan sare itatuwa ne ya jawo farin Sahel na shekarun 1970 da 1980?

Tsohon_Malami:
A yi a hankali, Hajiya. Wani masanin yanayi, Jule Charney, ya kawo irin wannan ra'ayi a 1975, cewa ƙasar da aka tsiraita tana mayar da hasken rana sama, hadari ya ragu. Amma binciken wata masaniyar yanayi, Alessandra Giannini, da abokan aikinta a 2003 ya nuna canjin zafin ruwan tekuna ne ya ja gaba. Ƙasa ƙara wa Borno dawaki ta yi: ruwa ya ragu, tsirrai suka mutu, tururi ya ƙara raguwa. Ni dai ba na son a ɗora wa manomi da makiyayi laifin duka.

Injiniya_Ruwa:
Ƙari a kan bayanin Malam. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna hadarin la'asar a Sahel ya fi tasowa a kan busasshen wuri da ke maƙwabtaka da jiƙaƙƙe. Busasshen ya fi zafi, iska ta tashi a kansa, ta janyo danshin maƙwabcinsa.

Mai_Koyon_Jogirafi:
Na gode ƙwarai. To Malam, noman rani mai yawa irin na arewacin Indiya, shi ma yana shiga wannan lissafi?