Sistoci a cikin kwaya, ku zo mu ji yadda kuka ƙare

Ƙaramar Sista, Sabon Tasha:
Salama 'yan'uwa. Wata uku kenan da Babbar Sista ta ba mu izini, ni da 'yar'uwata, muka shiga kwayar cocinmu (kwaya ta waƙa fa, ba ƙwaya ba, kafin wani ya kai ƙarata wurin Fada). Damuwata lokaci ne. Ana fara koyon waƙa ƙarfe 5, mu kuma ƙarfe 6 muna da addu'ar yamma a gida, kullum ana tsakiyar waƙar karɓar Jibin Ubangiji muke sulalewa, ran Lahadi sai mu dinga motsa baki kawai. Ku da kuka riga mu, yaya kuka yi?

Tsohuwar alto, Kakuri:
Ƙanwata, ki roƙi kwayamasta ya riƙa fara da masu wuya, sauran ya tura miki a WhatsApp. Ni abin da ya fi damuna daban ne. Kwayamastanmu yaron da na koyar ne a firamare, in na kauce murya ba ya iya faɗa, sai ya tsayar da kowa ya ce "alto a sake" (alto mu ne mata masu murya mai kauri), a sake a sake har sau biyar, 'yan matan na ta satar kallona, ashe ni ce mai ɓata miyar. Bayan an tashi na kira shi gefe na ce ɗana, lulluɓin nan ba ya gyara do re mi, in na yi kuskure ka kira sunana. Sai da ya yi wata guda kafin bakinsa ya iya.

Mai kiɗan tulu, Narayi:
Hahaha Sista kin tuna min. Sistar kwayarmu ranar Lahadin farko na Azumin kafin Ista ta ɗauko Halleluya da ƙarfinta kafin Bishara, ta manta ba a yinta sai daren Ista, mu ma muka bi ta da tulu da kacau-kacau tunda Sista ce, wa zai ce ta yi kuskure? Katikis ya yi ta ɗaga hannu kamar ɗan yalo fiba.

Wani kwayamasta, Romi:
Gaskiya Sistoci sun fi kowa zuwa kan lokaci, kuma su suka ceto mu a Latin, Sanctus da Agnus Dei da muka rera ranar Santa Sisiliya, waliyyiyar mawaƙa, 22 ga Nuwamba, Sista ce ta koya mana kalma kalma. Kukana ɗaya, tiransifa. Ka gina soprano (ɓangaren masu siririyar murya) a kan Sista, saura sati biyu Kirsimeti a ce an tura ta Kafanchan.

Tsohuwar alto, Kakuri:
Malam, alkawarin biyayya muka ɗauka, ba mu muke zaɓa ba. Ƙanwata, tun yanzu ki zaunar da yarinya ɗaya kusa da ke tana kwashe abin da kika iya.

Ƙaramar Sista, Sabon Tasha:
Na gode Yaya. Akwai wata 'yar JSS 3 mai murya kamar sarewa, Asabar zan nemi mamanta.