Dan Allah waye ya taɓa fasa kayan azurfa masu ciko?

Salam 'yan uwa, shawara nake nema. Wasu tsofaffin kaya na siya a gwanjo, mariƙin kyandir guda biyu, mazubin gishiri da wuƙaƙen cin abinci shida, duk an buga musu sterling, wato alamar azurfa, a gindi. Na ɗora a sikeli naga nauyi har na fara lissafin riba, ina kaiwa mai siyan azurfa ya juya gindin ya nuna min wata kalma a ƙasa wai weighted, yace ciko ne a ciki shi bazai auna a haka ba sai dai in fasa in kawo mai azurfar zalla ko ya siya da ƙiyasi, kuma ƙiyasin nasa wlh ba daɗin ji. Ya ake fasawa? Kuma akwai riba ko wahalar banza zanyi?

Maƙerin fari: Wslm. Gaskiya ya faɗa maka. Azurfar ɓawo ce kawai, siririya kamar takarda, ita kaɗai bazata iya tsayuwa ba shi yasa ake cika cikin da siminti ko kwalta ko kaki, wani ma har da sandar ƙarfe a tsakiya. Fara ɓanɓare ƙyallen dake gindin zaka ga cikon. In siminti ne naɗe abin a tsumma ka bubbuga da guduma a hankali, zai farfashe, sai ka kama bakin da filaya kana ja kana naɗewa, haka zata dinga ɓarewa. In kwalta ce baƙa mai danƙo saka shi a firiza ya kwana, in tayi sanyi tsinkewa take kamar gilashi. Kar ka sa wuta a ɗaki, hayaƙin ba kyau kuma wasu akwai dalma a ciki.

Hajiya babba: Ɗana sa safar hannu mai kauri da tabarau. Ni da nayi ganganci bakin ɓawon nan ya tsarge min babban yatsa kamar reza, sati guda ban iya riƙe biro ba.

Mai tambaya: Subhanallah sannu Hajiya. To wuƙaƙen fa?

Maƙerin fari: Ƙotar ce kawai azurfa, ruwan wuƙar ƙarfe ne, kara maganaɗisu kaga yadda zai kama, azurfa kuwa bata kamawa. Matse ƙotar ta tsage ta wajen ɗinkin sai ka zare. Amma fa abin da ke fita kaɗan ne, kar kasa rai.

Mai lissafi: Sterling kashi 92.5 ne azurfa, sauran 7.5 yawanci jan ƙarfe, shine ma'anar 925 ɗin da ake bugawa. Misali in ka gama ka samu giram 60 to azurfa zalla giram 55.5 ce, kuma farashin da kake gani a intanet na oza ne, ozar azurfa giram 31.1 ce ba 28 ba. Mai siya kuma sai ya cire nasa. Ka kankare cikon tas kafin ka kai, in yaga ɓurɓushin siminti hujjar rage maka kuɗi ka bashi.

Hajiya babba: Ni dai nace kar kayi gaggawar ɗaga guduma. Duba tambarin kamfani tukun, in kaga Tiffany ko Gorham, ko ɗan zakin nan da ake bugawa na Ingila, kuma bai lotsa ba, masu tara tsofaffin kaya zasu iya biya fiye da kuɗin narkawa, ballantana mariƙin kyandir da suke biyu iri ɗaya. Wanda ya riga ya lanƙwashe shi ake fasawa. In kuma EPNS ka gani ruwan azurfa ne aka yiwa, kar ma ka wahalar da kanka.

Mai tambaya: Nagode sosai Allah ya saka. Mazubin gishirin dama a lotse yake, dashi zan fara daren nan. Mariƙan kuma bari in goge gindin in turo hoton tambarin ku duba min.